Fayaman na Tibiri da Jirgin Cikin Gilashi

Ku matso kusa don Allah, muryata ba ta gama dawowa ba tun da anka tashi daga zaman makoki. Zancen uban mijina nake so in yi muku, wanda duk gida muke ce wa Baba, tun kafin bakin mutane ya gama sauya mini shi. Ina cikin gida ina tuƙa tuwon masu gaisuwa, amma kunnena yana waje, kuma abin da na ji ya ishe ni.

Limamin unguwarmu ya ce Baba bai taɓa barin salla ba, Allah ya jiƙan shi. Wannan gaskiya ne. Wani abokin maigidana ya rage murya ya ce, "Allah sarki, an ce tsohon ya koma yaro a ƙarshe, wai wasan talabijin shike yi." Sunka yi 'yar dariya cikin hannun riga. Goggon maigidana kuwa, wadda ta zo daga ƙauye bayan Tibiri, har yau tana riƙe da abin da ta gada na kakanni, ta ƙi taka ɗakin da na'urar wasan take. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, abu shina numfashi kamar mai rai, ana ba shi wuta shina ci, ko zakara ba ku yanka mishi ba. Mi kuke jira in ba shi ɗauki mai shi ba?"

Na ce, "Goggo, hawan jini ne, likita ya faɗa."

Ta ce, "To wa ya hau da shi?"

Ga kuma mutum ɗaya a gefe. Ƙanen Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, mai noman rani a Jiratawa. Ya zauna can ƙarshen tabarma yana kallon tafin hannunsa har anka shafa fatiha.

Kun san mu nan Maraɗi ba mu da jirgin ƙasa. Ni da kaina ban taɓa ganin shi ido da ido ba. Amma na tsufa a gidan da ake zancen shi kamar wani ɗan uwa da ya tafi ci-rani bai dawo ba. Baba ya bar Tibiri yana saurayi, ya bi kamyon, babbar motar gyaɗa, ya ƙetare iyaka, ya samu aiki a reluwe. Ya fara da kwasar toka, har ya zama fayaman, wato mai zuba wa jirgi kwal da shebur, a jirgin kaya mai jan gyaɗa da auduga daga Ƙaura. Direba a dama, fayaman a hagu. Ya ce shekara da shekaru yana zuba kwal yana satar kallon hannun direba, har manya sunka ce wata mai kamawa za a gwada shi a kujerar dama.

Sai ga ƙanensa da saƙo: Inna na kan gargara, in kana son ka iske ta da rai ka taso. Ya jingine shebur ya taso. Ya iske Inna a tsakar gida tana surfe. Dattawa ne sunka ƙulla abin, mahaifinsu ya tsufa, gandu na neman babban ɗa, kuma sun san in ba da wannan ba ba zai dawo ba. Anka ce ya yi damina ɗaya. Ɗaya ta haifi 'yan uwanta. Kafin ya samu kansa an ajiye jirgin kwal, an kawo mai shan mai. Inna kuwa sai da ta ga tattaɓa-kunne.

Bai taɓa zagin ƙanen nasa ba, a'a, Baba ba ya zagi. Sai dai duk labarin da Baba Ƙarami ya kawo, ko da cewa ya yi, "Yaya, an yi ruwa Jiratawa," sai Baba ya ɗaga kai a hankali ya ce, "Na gaske, ko irin ciwon Inna?" Har gaban baƙi. Baba Ƙarami ya yi dariyar yaƙe, ya sauke kwandon tumatir da zogalen da ya kawo mana, ya ce yana sauri, ya tafi kafin in dama fura. Tun ina amarya nake jin wannan, har 'yata ta fari ta yi nata ɗakin.

In faɗa muku wani abu da ba kowa ya sani ba. Da na yi haihuwar fari uwata ta riga ta rasu, ba ni da mai tsaya mini a wankan jego sai wata tsohuwa maƙwabciya da idonta ya yi rauni. Kullum in na fito da safe sai in iske ruwa ya tafasa a babbar tukunya, wuta tana ci lumui, ba hayaƙi, itace ɗan kaɗan an jera shi kamar an auna. Na ɗauka tsohuwar ce. Ran nan na riga fitowa, na hangi Baba tsugune gindin murhu, ya naɗe hannun riga. Uban miji fa! Na koma ɗaki da baya, kunya kamar in nutse. Da ya ji motsina sai ya yi gyaran murya ya ce wa bango, "Matan zamani ba su san wuta ba. Su danna mata itace har ta shaƙe, sannan su ce itacen ne ɗanye." Ya karkaɗe hannu ya tafi masallaci. Har na gama wanka bai fasa ba, kuma har ya koma ga Allah ba mu taɓa yin zancen ba.

Da anka shigo da siyasar jam'iyyu, kowane zaɓe sai an yi mana alƙawarin layin dogo zai iso Maraɗi. Na farko Baba ya yarda. Wasu 'yan jam'iyya sunka zo da mota sunka ɗauke shi zuwa mitin, da tsohuwar hularsa ta aiki, anka tsai da shi kan dandamali ana tafi, anka ce shi zai shigo da jirgin farko. Ya dawo a ƙasa, motar ta manta da shi. Da wani zaɓe ya zagayo wasu sunka zo, tutarsu daban, maganar iri ɗaya. Ya ce musu, "Ku kawo mini ƙusa ɗaya ta dogo in riƙe, sai in bi ku." Ba su dawo ba.

Na'urar ta shigo gidanmu ne ta hannun Auta, ƙanen maigidana. Yana da ɗan shago a Sabon Gari inda ake buga takardu, kasuwa ta mutu lokacin rikicin tazarce, ya rufe, ya kwaso odinater guda, wato kwamfuta, ya ajiye a ɗakin zaure. Wata rana yana danne-danne don kashe zaman banza, sai ga wani kuka ya fito daga ciki, mai tsawo, kamar saniyar da anka raba da ɗanta. Baba yana alwala. Wallahi buta ta faɗi daga hannunsa. Ya shiga ɗakin ƙafa ɗaya wankakkiya ɗaya busasshiya.

Wasa ne na tuƙin jirgi, cikin faifai. Gilashin yana nuna maka kamar kana tsaye cikin kan jirgi mai tururi, ga ƙofar wuta, ga agogunan ruwa da na tururi, ga taragu a baya cike da kaya. Ka danna nan ka saki birki, ka danna can ka ba shi tururi. Ƙasar da ke ciki ba irin tamu ba ce, duwatsu ne kore shar da gidaje masu tsinin kai. Baba bai damu ba. Ya raɗa wa tashoshin sunayen da ya sani, wannan Funtuwa, wannan Gusau, wannan Ƙaura. Tsakanin Ƙaura da ta ƙarshe akwai wani dogon tudu. Auta ya ce, "Ta ƙarshen fa, Baba?"

Ya ce, "Maraɗi."

Daga ranar abu ɗaya ya sa a gaba: shi da hannunsa, a kujerar direba, ya taso da jirgin kaya daga tashar farko ya tsai da shi a Maraɗi. Sau ɗaya tak yake so.

Auta ya nuna masa cewa na'urar tana iya zuba kwal da kanta, shi dai ya yi tuƙi. Baba ya ce, "Aljani shi zuba mini kwal? Wanda ban ji warin zufarshi ba, ban yarda da wutarshi ba. Jirgi aikin mutum biyu ne." Auta ya yi masa fayaman na 'yan kwanaki, amma shi mai iyali ne, dole ya fita nema. Baba ya zauna gaban gilashi, jirgi na tsaye a tasha yana huci, ba mai ba shi wuta.

Ran kasuwa Baba Ƙarami ya zo da kwandonsa, ya tsaya bakin ƙofa yana leƙe. Baba bai waiwayo ba ya ce, "Kai mai kawo saƙo, kana da hannu?"

"Har biyu, Yaya."

"Zauna hagu."

Ran nan fura ta samu mai sha. Daga nan Baba Ƙarami ya bar wa 'ya'yansa ban ruwa, kullum da hantsi sai ga shi bayan kabu-kabu. Madafata bango ɗaya ne da ɗakin, don haka duk tafiyar da sunka yi da ni anka yi ta, ina tsinke zogale. "Buɗe ƙofar wuta. Kaɗan-kaɗan, ba jaki ne kake labta ma kaya ba! Dubi hayaƙinka baƙi ƙirin, ka shaƙe ta. Ruwa! Ba ka ga ruwa ya sauka ba? So kake tukunya ta tashi da mu?" Shi kuma ya ce, "Yaya, yatsan noma ne, maɓallan sun yi mishi ƙanana." In lokacin salla ya yi sai sun kai tasha, Baba ya ɗaure birki, ɗaya ya yi salla ɗaya na tsaron wuta, sannan su sauya. Auta ya ce akwai inda ake dannawa komai ya daskare har ka dawo. Baba ya ce wutar da ke daskarewa ba wuta ba ce.

Abin da ya fi cin su kuran ne, wato wutar lantarki. Tafiyar tana da tsawo, daga hantsi har bayan azahar, kuran ɗinmu kuwa ba ya da alƙawari. Suna cikin gudu, sun bar Gusau, sai ɗif. Gilashi ya yi baƙi. Sai in ji Baba ya ce, "To. Mun kwana daji." Auta ya yi ta roƙon shi, ya ce na'urar tana iya riƙe inda anka tsaya, gobe a ɗora daga nan. Baba ya ƙi ƙememe. Ya ce, "Jirgin da ka tsinta tsakiyar daji ba kai ka kawo shi ba. A koma tasha." Gobe su sake daga farko. Na sha jin haushin wannan taurin kai, har na taɓa gaya wa maigidana ya yi masa magana. Ya ce, "Ke, mutumin da bai ji ta gwamnati ba, tawa za shi ji?"

In kuran ya yi musu adalci kuma, tudu ne ke jiran su. Ni da kunne na san shi. In ƙafar jirgi ta kama dogo sai ka ji shi cuf, cuf, cuf, kamar babbar mace tana daka ita kaɗai. In ta zame sai ya rikice kamar 'yan mata sun shiga lugude, in ji Baba na cewa maganinta a rage tururi a zuba wa dogo yashi, daga nan sai nishi, sai ya tsaya, sai kaya su jawo shi baya. A kan tudun nan ne anka yi faɗan da anka yi shekara da shekaru ana ɗagawa. Tururi ya ƙare musu ana dab da kai, Baba ya buga hannu a cinya ya ce, "Ka kashe mini wuta! Dā ma aikinka kenan a duniya, tsai da jirgina."

Na ji kujera ta yi ƙara. Baba Ƙarami, da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya ce, "Yaya, ko gemu ban da shi sannan! Kawu ya ɗora mini hannu a ka ya ce in ban zo da kai ba kada in sake taka gidan. Kuka nike tun daga Jibiya har na iske ka. Kai ka ga duniya ka dawo kana ba da labari. Ni mi na gani? Kwandon da nike kawo ma duk kasuwa, kana zaton tumatir ne ya yi mini yawa?"

Miyata ta kama, ban iya tashi na motsa ta ba. Can sai na ji Baba ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Zauna. Mu koma tasha. Wannan karon ka tara mini wuta tun daga Ƙaura, kada ka jira sai mun ga tudu." Daga ranar ban ƙara jin ciwon Inna a bakinsa ba.

Ranar da soja sunka karɓi mulki ma suna ciki. Maigidana, da yake mushe ne a lakwal, wato malamin makaranta, kuma ana yajin aiki, kullum yana manne da rediyo, ya faɗa ɗakin yana haki, "Baba, an yi juyin mulki a Yamai!" Baba ya ce, "Ja mini ƙofa, muna gangara." Da anka ɗauke kuran ya fito ya tambaya su wa sunka hau. Anka gaya masa. Ya ce, "Sun yi zancen dogo?" Anka ce tukuna. Ya ce, "Za su yi."

Ba a daɗe ba ciwon ya faɗa masa. Yana saka takalmi ya kife. Munka yi kwanaki a likita, wato asibiti, ya dawo hannun dama ya mutu, baki ya ɗan karkace, na hagu kuma yana rawa kamar ganye. Magana tana fita, sai dai sai ka kasa kunne. Na zaci zancen jirgi ya ƙare. Ina! Da ya iya zama, abin da ya fara tambaya shi ne ko akwai kuran. Ya gwada da hagu. Ya nufi maɓalli ɗaya ya danne uku. Jirgi ya zabura, ya tsaya, ya zabura. Muna ji, ba mai abin yi. Wace addu'a ce ba mu yi ba, wane sassaƙe ne Goggo ba ta aiko ba?

Auta ya ga abin ya ishe shi, ya aro injin wuta wajen wani tela, ya ce yau ko sama da ƙasa za su haɗe kuran ba zai yanke su ba. Anka zaunar da Baba, anka tokare shi da matashi. Da ƙyar da jiɓin goshi, hannun nan mai rawa ya ja su har Ƙaura, don hanyar shimfiɗe take, ba ta son dannawa da yawa. Sunka fara hawan tudu. Ina jajjage na ji lugude ya fara. Ban san sanda bakina ya kuɓuce ba, na ce, "Ta zame! A rage mata, a zuba yashi!"

Sai na ji Baba ya ce, "Wa ke nan?"

Baba Ƙarami ya ce, "Uwar ɗakinmu ce, daga madafa."

Jirgin ya riga ya tsaya, sun ɗaure birki tsakiyar tudu. Tashi daga nan sai hannu mai sauri, a saki wannan a danna wancan cikin ƙiftawar ido. Auta ya ce bari ya karɓa. Baba ya ce, "Kai tuƙin kabu-kabu kake. Kira mini ita."

Ni da ban taɓa haɗa tabarma da shi ba, ban taɓa faɗin sunansa ba, ko ɗana mai sunan ban kiran shi da shi. Na tsaya bakin ƙofa na durƙusa, hannuna duk attarugu. Ya ce, "Ɗiyata, ajiye kunya nan waje tare da takalminki. Wuta ba ta jira." Ya sa anka ja kujerarsa baya, anka tura mini ta gaban gilashi. Auta ya ɗora yatsuna kan maɓallan, wannan tururi, wannan birki, wannan yashi. Ban iya karatun abin da ke rubuce ba, ban ma duba ba. Baba ya rufe ido.

"Ƙanena, wutarka?"

"Fara tas, Yaya."

"Yashi. Saki birki. Ba shi kaɗan. Kaɗan na ce! Riƙe nan. Ji shi."

Cuf. Sai shiru, har na ce ya mutu. Cuf. Cuf. Ya ce ƙara, na ƙara. Sau biyu na ji za ta zame na rage kafin bakinsa ya gama haɗa kalmar, don maganar tana yi masa nauyi. Baba Ƙarami na zuba kwal yana salati, zufa har gemu kamar shebur ɗin gaske ne a hannunsa. Munka kai ƙoli. Munka gangara, Baba na cewa taɓa birki, saki, taɓa. Sai ga rumfar tasha ta taso cikin gilashi. Ya ce, "Yi mata kuka, su san mun zo." Na danna. Jirgin ya tsaya daidai bakin dandamali, yana huci.

Baba Ƙarami ya miƙe tsaye yana ihu kamar yaro, "Maraɗi, Yaya! Wallahi Maraɗi! Ka kawo shi!" Auta na tafi, maigidana ya shigo da gudu yana tambaya ko lafiya.

Baba ya buɗe ido. Ya dubi gilashi ya daɗe. Ya dubi hannunsa na dama kwance kan cinya. Sannan ya dube ni tsakiyar ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, "Sannu da aiki, direba."

Na ce, "Haba Baba, kai ne fa. Ni hannu kawai na ara maka."

Ya girgiza kai. "Wanda ke kan kujera shi ne direba. Haka aikin yake, ba ni na yi shi ba." Ya yi ɗan murmushi da gefen bakin da ke motsi ya ce, "Kin iya tashi a tudu. Ba kowa ba." Sannan ya ce a kai shi ya kwanta, ya gaji.

Bai ƙara tambayar ko akwai kuran ba. Baba Ƙarami ya ci gaba da zuwa da hantsi, su zauna a inuwa, wani lokaci har azahar. Na sha cewa Auta ya kunna musu, Baba ya ɗaga hannun hagu ya ce a bari, jirgi ya iso, mi ya rage. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya karɓi abinsa, ran wata Juma'a da walaha, kansa a cinyar ƙanensa. Allah ya jiƙan shi, ya sa ya huta, ya haskaka makwancinsa.

Yanzu duk wanda ya je yi wa Baba Ƙarami gaisuwa a Jiratawa, sai ya gaya masa Yaya ya kawo jirgi Maraɗi kafin ya tafi, da idonsa ya gani. Ba na ƙaryata shi. Maigidana kuma cewa yake in daina sa abin a rai, wasa ne cikin gilashi. Amma ni na ga fuskar. Da na yi shiru a madafa ran nan, da sun maƙale a tudu kamar kullum, da ya ce a koma tasha, da ya kwana yana da abin da zai tashi dominsa. Da na ƙi shiga kuma, da na bar tsoho mai mataccen hannu yana kira ba a amsa ba. Na juya ta nan, na juya ta can, ban samu inda zan ajiye ta ba.

Ku da kunka ji ni har ƙarshe, ku gaya mini tsakaninku da Allah: da ku ya ja wa kujerar nan ya ce ku zauna, da kun zauna?